Yadda Ake Zaɓen Wasan Kwaikwayo da Kabare Idan An Je Landan

Wanda ya je Landan na mako ɗaya ko kwana goma, ko aiki ne ya kai shi, ko jinya, ko bikin kammala karatun ɗa, da wuya ya samu fiye da dare ɗaya ko biyu na kansa. A unguwar West End kaɗai, wato kewayen Leicester Square da Covent Garden da titin Shaftesbury Avenue da Strand, akwai gidajen wasa kusan 40, kowanne da allonsa yana kiranka, ban da wuraren kabare, inda ake kallon mawaƙa da masu barkwanci ana zaune a tebura. Tikitin kuma idan ka saya ya sayu, ba a mayar da kuɗi don wasan bai yi maka ba. Saboda haka duk aikin yana gabanin biyan kuɗi ne: ka san abin da za a nuna maka, ka san ko kunnenka zai kama maganar, ka san ko za ka iya zama da iyalinka a wurin ba tare da kun sunkuyar da kai ba. Ga yadda nake yi, kuma haka nake nuna wa baƙin da suka nemi in raka su.

Abubuwan da za ka tanada

Waya mai intanet da cikakken caji, domin yawancin tikitoci yanzu ta imel ko manhaja ake turo su, a ƙofa a haska lambar da ke fuskar wayar. Katin banki da ka tabbatar yana aiki a ƙasar waje, tunda gidaje da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi ko a wurin sayar da ruwa. Idan katinka na naira ne kuma yana ƙin biya, nemi mai masaukinka ya saya maka ka ba shi kuɗin a hannu. Jadawalin lokutan salla na Landan na ranakun da za ka yi. Ƙaramar jaka, ba akwati ba. Sai rigar sanyi mara nauyi da za ka iya ɗorawa a cinya.

1. Fara da ranar, kafin sunan wasan

Yawancin wasannin dare ƙarfe 7:30 suke farawa, a tashi tsakanin 10 da 10:30. Akwai wasan rana da ake farawa wajen 2:30, galibi Laraba ko Alhamis da kuma Asabar. Gidaje da yawa suna hutu ranar Lahadi, waɗanda suke yin wasa Lahadi kuma sukan huta Litinin. Daga Litinin zuwa Alhamis tikiti ya fi araha, kuma an fi samun kujera mai kyau. Daren Asabar shi ne mafi tsada.

Kada ka sa wasa a daren da ka sauka daga jirgi. Ɗaki ne mai duhu da ɗumi da kujera mai laushi, barci zai kwashe ka kafin a kai rabi, kuɗinka ya tafi a banza.

Sai ka ɗora jadawalin salla a kan wannan, domin lokaci a Ingila yana sauyawa sosai tsakanin hunturu da bazara. A watan Disamba magariba tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, wanda ke nufin wasan rana na 2:30 zai cinye maka ita, amma na dare ba ruwansa da kai, ka riga ka yi isha'i. A watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, kana tsakiyar wasan dare ke nan, don haka na rana ya fi sauƙi. Gidajen wasa ba su da ɗakin salla, hutun tsakiya kuma minti 15 zuwa 20 ne, layin bayi kaɗai ya isa ya cinye shi. Akwai masallaci a Goodge Street da za ka iya takawa da ƙafa daga West End, ga kuma babban masallacin Regent's Park idan kana da lokaci. Hukuncin haɗa salla ga matafiyi kuwa, tambayi malaminka tun kafin ka bar gida.

2. Ka san irin wasan da kake nema

Abin da ya fi cika West End shi ne wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, inda ake ba da labari da waƙa da rawa da makaɗa a zaune a ramin gaban dandamali. The Lion King yana gidan Lyceum tun 1999, Les Misérables yana gudana tun 1985, The Phantom of the Opera tun 1986. Sai wasan zance zalla, wanda nauyinsa duka a kan magana yake. Cikinsu akwai The Mousetrap, labarin binciken kisan kai na Agatha Christie, da ake yi tun 1952, kuma har yau a ƙarshen wasa sai ɗan wasa ya roƙi jama'a kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan.

A tsallaken kogin Thames akwai National Theatre, mai dandamali uku a gini ɗaya, inda wasanni suke sauyawa duk bayan 'yan watanni. Idan ka duba shirinsu ka dace, kana iya samun aikin marubucin Najeriya: sun yi Death and the King's Horseman na Wole Soyinka a 2009, sun kuma yi Barber Shop Chronicles na Inua Ellams, haifaffen Jos, a 2017. Ka ƙara takawa gabas a bakin kogin za ka iske Shakespeare's Globe, ginin katako marar rufi a tsakiya da aka buɗe a 1997, wanda yake aiki daga wajen Afrilu zuwa Oktoba.

Idan zuwan farko ne kuma dare ɗaya kake da shi, ni mai waƙe-waƙen nake zaɓar wa mutum. A nan ne za ka ga abin da ba ka gani a gida: dandamali yana juyawa, bango yana saukowa daga sama, fitila tana mayar da dare safiya a gabanka.

3. Auna kunnenka

Iya Turanci daban, kama Turancin ɗan wasa a kan dandamali daban. Suna magana da sauri, wani da harshen arewacin Ingila, wani da na Ayalan, ga barkwancin da ya rataya a kan siyasarsu da shirye-shiryen talabijin ɗinsu. Mutum mai digiri biyu yana iya zama awa biyu jama'a na dariya shi bai san dalili ba. Shakespeare kuwa Turancin shekara 400 da suka wuce ne, su kansu Turawan sai sun karanta labarin tukuna.

Nemi gajeren bidiyon tallar wasan a YouTube ka saurara. Idan ka kama kashi uku cikin huɗu, je ka. Idan ba ka kama ba amma kana son wasan, karanta taƙaitaccen labarinsa gaba ɗaya kafin ka shiga, in ban da na binciken kisa da sanin ƙarshe ke ɓata shi. Akwai kuma ranaku na musamman da ake rubuta duk maganar a kan allo kusa da dandamali saboda kurame, za ka ga an sa Captioned a jadawalin. Kowa yana iya sayen tikitin ranar, kuma ga baƙo babu abin da ya kai shi amfani. Idan da tsoho ko yara kuke tafe waɗanda Turancinsu bai yi nisa ba, The Lion King ba ya buƙatar fassara: dabbobin da suke ratsowa ta tsakanin kujeru tun daga buɗewa sun isa, kuma wasu waƙoƙin ma da harsunan kudancin Afirka ake yin su.

4. Binciki abin da ke cikin wasan

Wannan matakin ne na fi so ka ba lokaci. Kowane gidan wasa na kirki yana sa bayanin shekarun da suka dace da kuma gargaɗi a shafinsa, a ƙasan sunan wasan. Za a faɗa maka idan akwai tsiraici, ko ashar, ko batsa, ko ƙarar bindiga, ko fitila mai walƙiya da ke tayar wa mai farfaɗiya. Karanta shi duka. Inda aka ce shekara 14 ko 16 zuwa sama, ka ɗauka akwai abin da ba za ka so ka kalla kusa da surukarka ba. Kuma kada kyan suna ko daɗewar wasa su sa ka tsallake wannan. Akwai shahararrun wasanni da aka gina su kacokan a kan yi wa addini ba'a, akwai kuma na tarihi masu daraja da suke da fage ɗaya ko biyu na gidan karuwai.

A lokacin Kirsimeti za ka ga tallar Pantomime ko'ina, kamar wanda ake yi duk shekara a Hackney Empire. Wasan iyali ne, yara suna ihu suna amsa wa 'yan wasa, amma al'adarsa ce namiji ya fito da shigar mace a matsayin uwa, da habaicin manya da ake sakawa ta saman kan yara. Ka sani kafin ka kai su.

Kabare kuwa sai an ƙara lura, domin abubuwa mabambanta ne suke amfani da suna ɗaya. Asalinsa a unguwar Montmartre ta Faris ne, inda aka buɗe Le Chat Noir a 1881, ƙaramin wuri da mawaƙa da masu waƙar baka da masu barkwanci suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na zaune a tebura suna ci suna sha. Har yau siffar ke nan: tebura maimakon layin kujeru, gajerun fitowa maimakon labari ɗaya, da mai gabatarwa da yake magana da 'yan kallo kai tsaye. Abin da ake fitowa da shi ne ya rarrabu. Akwai na mawaƙi ɗaya da mai fiyano, kamar yawancin abin da ake yi a Crazy Coqs, ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da Piccadilly Circus. Akwai na masu dabo da masu wasan igiya. Akwai wanda za ka ga an rubuta Burlesque, wato mata suna rawa suna tuɓe kaya, da wanda aka rubuta Drag, wato maza cikin shigar mata. Waɗannan kalmomi biyu ka riƙe su, domin sau da yawa su kaɗai ne alamar da za ka samu a jikin talla.

Ko da wanda babu tsiraici a cikinsa ne, kabare wurin shan giya ne. Teburin da ke kusa da kai za a kawo masa kwalba, wani wurin ma tikitin ya haɗa da ita. Babu mai tilasta maka, ruwa da lemo suna nan, amma hukuncin zama a irin wurin naka ne, kuma gara ka yanke shi a masauki da ka yanke shi a bakin ƙofa bayan ka biya. A gidan wasan kwaikwayo na yau da kullum ma ana sayar da giya a farfajiya, wasu kan shigo da ita a kofin roba, sai dai ba ita ce ginshiƙin zaman ba. Ni dai ga mai tafiya da iyali ban taɓa ba da shawarar kabare ba. Ga mai son jin murya da kiɗa daga kusa, sai ya duba sunan mawaƙin daren, ya nemi bidiyonsa, ya tabbatar shi kaɗai ne a shirin. Kuma ya guji teburin gaba, domin mai gabatarwa yakan zaɓi na gaba ya yi ta tsokana, ko ya jawo shi dandamali.

Akwai kuma wani wasa mai waƙe-waƙe da sunansa Cabaret, da ake yi a gidan Playhouse tun 2021. Labari ne na birnin Balin gab da hawan 'yan Nazi, na manya ne ƙwarai, ba na zuwa da yara ba.

5. Zaɓi kujera da ido

Ginin yawancin gidajen West End ya haura shekara 100, an yi su hawa-hawa. Stalls shi ne ƙasa, daidai da dandamali. Dress Circle ko Royal Circle shi ne bene na farko. Upper Circle ko Grand Circle na biyu, Balcony kuma can ƙololuwa. Ga wasa mai rawa da jama'a da yawa, layukan gaba na bene na farko sun fi, domin kana ganin tsarin duka daga sama. Ga wasan zance, tsakiyar ƙasa, inda kake ganin fuska. Layin farko na ƙasa ba shi ne mafi kyau ba, dandamalin yana da tudu, za ka wuni da wuya a ɗage. Layukan can baya na ƙasa kuma benen da ke samansu yakan tare saman dandamali.

Idan ka ga tikiti ya yi araha fiye da na kusa da shi, duba ko an rubuta Restricted View. Wani lokaci ƙaramin ƙarfe ne da ba zai dame ka ba, wani lokaci ginshiƙi ne sosai a gabanka. Shafin SeatPlan yana da hotunan da 'yan kallo suka ɗauka daga kujerunsu, sa sunan gidan da lambar kujerar ka gani da idonka. Ɗakunan gefe masu labule suna da kyan gani a hoto, amma daga gefe kake kallo, wani ɓangaren dandamalin ya ɓace maka.

Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko jiri kada ya sayi na ƙololuwa. Matakalan suna da yawa kuma a tsaye suke, tsofaffin gidaje da dama ba su da lif. Dogon mutum ya nemi kujerar bakin hanya.

6. Inda ake saye

Wuri na farko shi ne shafin gidan wasan kansa, ko tagar sayar da tikiti da ke ƙofarsa. Na biyu shafin Official London Theatre na ƙungiyar masu gidajen wasan. Idan ta hannun dillali ne, duba ko yana da tambarin STAR, ƙungiyar dillalan tikiti da aka amince da su. Kada ka danna sakamakon farko da Google ya nuna maka ba tare da dubawa ba, sau da yawa talla ce ta masu sake sayarwa da ninkin kuɗi. Kada ka saya a hannun mutum a bakin titi.

Manyan wasanni a ƙarshen mako kujera mai kyau tana haura fam 100, ta can sama kuma ana samu daga fam 20 zuwa 30. Idan akwai wasan da lallai shi kake so, saya tun kana gida, makonni kafin tafiya, amma bayan biza ta fito.

Idan aljihu bai kai ba kuma ba ka kafe a kan wasa ɗaya ba, akwai hanyoyi. Rumfar TKTS da ke cikin dandalin Leicester Square tana sayar da tikitin ranar da rangwame tun 1980. Ita kaɗai ce a tsaye a gefen kudu na lambun, ba ta jingina da wani gini ba. Shagunan da ke titunan kewaye masu allon rabin farashi ba ita ba ce, wasunsu kan ɗora kuɗin hidima mai nauyi, don haka tambayi ainihin farashin da ke jikin tikitin da lambar kujera kafin ka miƙa kati. Manhajar TodayTix tana sakin tikitoci masu araha da safiyar ranar wasa, yawanci ƙarfe 10, kuma cikin mintuna suke ƙarewa. National Theatre yana sakin nasa masu araha ranar Juma'a da rana don mako mai zuwa. A Globe kuwa tikitin tsayuwa a filin gaban dandamali fam 5 zuwa 10 ne, kai ne ma mafi kusa da 'yan wasa, sai dai za ka tsaya kusan awa uku, ba a yarda a zauna a ƙasa ba, ba a yarda da lema ba ko ana ruwa. Tafi da rigar ruwa.

Idan an ce tikiti ya ƙare, je tagar gidan awa ɗaya ko biyu kafin farawa ka tambayi waɗanda aka mayar. Mutum ɗaya ya fi mutum huɗu samun sa'a a nan.

7. Ranar wasan

Ci abincinka tun ƙarfe 5:30 ko 6. Isa ƙofa minti 30 kafin lokaci, domin ana duba jaka, kuma a nan 7:30 tana nufin 7:30. Wanda ya makara ba a barinsa ya shiga sai an samu gaɓar da ta dace, wani wasan sai hutun tsakiya. Ka duba sunan gidan da kyau a taswira: akwai Apollo a Shaftesbury Avenue, akwai Apollo Victoria, akwai kuma wani Apollo a Hammersmith, kuma tsakaninsu tafiya ce.

Babu dokar sutura a West End. Kaftani ko abaya duk daidai ne. Doguwar hula ko ɗaurin ɗankwali mai tsayi ne kawai za ka tausaya wa na bayanka. Kashe waya gaba ɗaya, ba a ɗaukar hoto ko bidiyo idan an fara, ma'aikata za su haska ka da tocila. Ba a hira, ba a bin waƙa da baki, fassara wa na kusa da kai ma ka bari sai hutu. Shiga bayi kafin a fara, musamman mata, layinsu ya fi tsawo.

Tun kafin ka shiga ka san hanyar komawarka. Jiragen ƙarƙashin ƙasa suna tsayawa wajen ƙarfe 12 na dare ko jim kaɗan bayan haka, sai Juma'a da Asabar da wasu layuka kamar Piccadilly da Northern da Central suke kwana suna aiki. Wasan West End yana tashi da sauran lokaci, amma kabare na biyu na dare yana iya kai ka bayan jirgin ƙarshe. Kekunan haya masu fitilu da kiɗa da suke jira a ƙofar gidajen wasa, kada ka hau sai kun yi ciniki a fili, kuma ka tabbatar kuɗin tafiyar duka ne, ba na minti ɗaya ba.

8. Idan tafiyar ta haɗa da Faris

Jirgin ƙasa na Eurostar yana kai ka daga tashar St Pancras ta Landan zuwa tashar Gare du Nord ta Faris cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma bizar Ingila ba ta shigar da kai Faransa, sai da ta Shengen. A can masu shirya yawon buɗe ido za su fara nuna maka Moulin Rouge, gidan kabare mai injin iska ja a kan rufi, da aka buɗe a 1889. Ana wasa sau biyu a dare, akwai dokar sutura, ba a shiga da gajeren wando ko kayan motsa jiki, tikiti yawanci ya haɗa da giyar shamfen, kuma 'yan rawan mata suna fitowa ƙirji a buɗe a fage da yawa. Crazy Horse, da aka buɗe a 1951, ya fi haka tsiraici. Tallar da za a ba ka a otal fuka-fukai da ƙyalli kawai za ta nuna.

Ga wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, Faris tana da abin da ya fi wannan nisa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Comédie-Française, da aka kafa a 1680, tana yin wasannin Molière da sauran manyan marubutansu, kuma tana sayar da wasu kujeru masu arha ƙwarai a wata ƙaramar taga a gefen ginin awa ɗaya kafin farawa. Akwai kuma rumfa a dandalin Madeleine da take sayar da tikitin ranar a rabin farashi, irin ta Leicester Square. Wanda ba ya jin Faransanci ya duba ko wasan yana da fassarar Turanci a allon saman dandamali, sannan ya zaɓi kujerar bene ko ta tsakiyar ƙasa, domin daga layukan gaba ba a iya karanta allon da kallon 'yan wasa a lokaci ɗaya.